Kama da Wane ba ta Wane: Umarnin da ba a Rubuta ba a Ƙwaƙwalwar Tsofaffin Kwamfutoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi kwamfutocin gida na shekarun 1970 da 1980. Na daɗe ina koyar da ilimin lantarki da gyaran na'urori, kuma na sha ganin yadda rashin fahimtar wannan al'amari yake cinye wa mai gyara kwana da kwanaki, yake kuma sa ɗalibi ya riƙe abin da ba haka yake ba. Maganar ta samo asali ne daga abin da masu sayar da kayan lantarki suke yawan faɗa idan an nemi wata ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɓangaren da ke karɓar umarni yana aiwatarwa, ba a samu ba, su miƙo wata su ce ai duk ɗaya ne, za ta hau. Hawa kam takan hau, domin ƙafafunta arba'in ne kamar na waccan, amma ko za ta yi duk abin da waccan take yi, wannan wata magana ce daban, kuma a kanta nake so mu tsaya.

Misalin da na fi sani shi ne na ƙwaƙwalwar 6502, wadda kamfanin MOS Technology na Amurka ya fito da ita a 1975 a ƙarƙashin jagorancin Chuck Peddle, aka sayar da ita dala 25 a lokacin da takwarorinta suke ninka wannan kuɗi sau da dama. Arhar tata ce ta sa ta shiga gidaje. Ita ce a cikin Apple II da Commodore PET na 1977, da BBC Micro da aka cika makarantun Ingila da ita daga 1981, kuma 'yar uwarta 6510 ce a cikin Commodore 64 na 1982. Har na'urar wasan Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, jininta ke nan, don haka duk wanda ya taso a shekarun 1990 yana buga wasa a irin na'urorin nan masu kaset da ake kwaikwayo daga Famicom ana kawowa kasuwanninmu, ya riga ya yi mu'amala da zuriyar 6502 ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Wannan ƙwaƙwalwa tana karɓar umarni ne a matsayin lamba guda mai bit takwas (kowane bit sifili ne ko ɗaya, takwas kuma su ne bayit guda), wato daga 0 zuwa 255, lambobi 256 ke nan. Takardar bayanin da kamfanin ya buga ta ba 151 daga cikinsu ma'ana, ta yi shiru a kan sauran 105. Mai karatu zai zaci cewa idan aka miƙa mata ɗaya daga cikin waɗannan 105 za ta ƙi karɓa ko ta yi ƙorafi, amma ba haka aka gina ta ba. Domin a rage yawan taransista, wato ƙananan makunnan wuta da ke cikinta, ta haka kuma a rage farashi, masu zanen ba su sa mata wani mai gadi da zai tantance lamba kafin ta shiga ba. Abin da ke ciki wani jeri ne na layuka 130, kowane layi yana duban wasu daga cikin bit ɗin lambar ya ƙyale wasu, idan ya ga abin da ya dace da shi sai ya kunna nasa ɓangaren aikin, kamar a ce a ɗauko daga ma'adana, ko a zuba a wani aljihu, wato ɗan wurin riƙe lamba a cikin ƙwaƙwalwar kanta, ko a tara. Layin bai san ko lambar tana cikin takarda ko ba ta ciki ba. Abin da ya gani kawai yake amsawa.

Bari in kawo lambobi uku a jere domin abin ya fito fili. Lamba 165 tana nufin a ɗauko abin da ke wani gurbi na ma'adana a zuba a aljihun da ake kira A. Lamba 166 tana nufin a ɗauko a zuba a aljihun X. Idan aka rubuta su da sifili da ɗaya, ta farko tana ƙarewa da 01, ta biyu tana ƙarewa da 10. To lamba 167, wadda takarda ba ta ambata ba, tana ƙarewa da 11, sai layin da ke jiran na farko ya ga nasa, layin da ke jiran na biyu shi ma ya ga nasa, duka biyun su tashi a lokaci guda, abin da aka ɗauko ya faɗa a A da X tare. Masu rubuta manhaja suka gano haka ta hanyar gwaji, suka raɗa masa suna LAX. Ba wanda ya zauna ya tsara shi. Haka nan lamba 199, da ake kira DCP, take rage ɗaya daga abin da ke gurbi sannan ta kwatanta sakamakon da A, aiki biyu a umarni ɗaya.

Wani zai tambaya me ya kai mutum ga amfani da abin da mai kaya bai yi alkawarinsa ba. Amsar ita ce ƙunci. Waɗannan na'urori suna buga agogo kusan sau miliyan ɗaya zuwa biyu ne a daƙiƙa, kowane umarni yana cin wasu bugu, kuma a Commodore 64 ta Turai layi guda na hoton talabijin bugu 63 kacal yake ɗauka, a na'urar wasa ta Atari 2600 kuma bugu 76, ga shi ma'adanarta ta aiki bayit 128 ce gaba ɗaya. Wanda yake so ya canja launi a tsakiyar layi, ko ya motsa hoto ba tare da ya yi rawa ba, ƙirga bugu yake yi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga canji. Idan ya bi hanyar takarda ya ɗauko ya zuba a A sannan ya kwafa zuwa X, bugu biyar ya kashe da bayit uku. Idan ya yi amfani da LAX, bugu uku ne da bayit biyu. Da DCP kuma yana yin aikin bugu takwas a bugu biyar. Akwai kuma masu amfani da irin waɗannan lambobi domin su rikita ɓarayin manhaja, tun da yawancin kayan aikin da ake warware manhaja da su a lokacin ba su san lambobin ba. Ni dai ban ga laifin waɗannan mutane ba, domin na'ura guda ce a gabansu, sun gwada sun ga ta yi.

Sai dai waɗannan lambobi 105 ba hali ɗaya gare su ba, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Mafi yawansu, irin su LAX da DCP, tsayayyu ne a kan duk ƙwaƙwalwar da aka yi daga zanen asali da fasahar ƙera taransista ta NMOS da danginta. Abin da suke yi a 6502 shi suke yi a 6510, da 8500 da aka sa a Commodore 64 na baya-baya, da 8502 ta Commodore 128, domin jerin layukan nan bai canja ba. Goma sha biyu daga cikinsu kuwa, irin su lamba 2 da lamba 18, daskarar da ƙwaƙwalwar suke yi ɗungurungum, ba ta sake motsi sai an tashe ta daga farko. Sannan akwai wasu 'yan kaɗan marasa tabbas, waɗanda su ne suka fi jan hankalina a matsayina na malamin lantarki, domin a wurinsu ne lissafi yake ƙarewa, halin wutar kanta ya karɓi ragama.

Shahararriya a cikinsu ita ce lamba 139, da ake kira ANE. Idan aka ba da ita, aljihun A da aljihun X da lambar da ke biye da umarnin duk suna hawa waya guda a cikin ƙwaƙwalwar a lokaci guda, kuma A yana ƙoƙarin ba da abin da ke cikinsa a daidai lokacin da yake karɓar sabo. Sakamakon ya dogara ne ga wane taransista ya fi ƙarfin ja. Masu bincike suna bayyana shi da wata lamba da take cuɗanya da A kafin a yi lissafin, wadda a wata ƙwaƙwalwar takan zama 238, a wata 239, a wata 255, kuma tana iya canjawa a ƙwaƙwalwa guda idan ta ɗauki zafi. Ma'ana, kwamfutoci biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, suna iya ba da amsa biyu, kuma kwamfuta guda tana iya ba da wata amsa da safe, wata bayan ta yi awanni a kunne. Ina yawan tunanin yadda irin wannan umarni zai kasance a ɗakin da ba fanka a watan Afrilu a garuruwanmu. Ƙwararru sun gano cewa idan A yana ɗauke da 255, ko lambar da ke biye sifili ce, rashin tabbas ɗin ba ya tasiri, don haka mai hankali a wannan iyaka kaɗai yake taɓa shi.

Babbar ɓaraka ta zo ne a farkon shekarun 1980, lokacin da Bill Mensch, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana ta asali, ya sake zana ta da fasahar CMOS mai ƙarancin cin wuta a kamfaninsa Western Design Center, aka kira ta 65C02. Duk umarni 151 na takarda suna nan, don haka ba ƙarya aka yi ba da aka ce ta dace da tsohuwar. Amma lambobin da suke a sake, an ɗebi wasu an ba su sabon aiki, sauran kuma aka mayar da su umarnin da ba ya yin komai. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisin yin ta, kuma ba su tsaya a jeri ɗaya ba, domin Rockwell ya ƙara nasa umarni na kunna bit guda ko kashe shi, waɗanda babu su a wasu nau'o'in. Apple IIc na 1984 da Apple IIe da aka inganta a 1985 sun koma kan 65C02, BBC Master na 1986 ita ma ta koma kan wani nau'i na CMOS, sai masu tsofaffin manhajoji suka fara ganin wasu suna ƙin tashi a sabuwar na'urar da aka ce musu ta fi tsohuwar.

Mu koma ga lamba 167 mu bi ta gida-gida. A 6502 ta asali tana cika A da X, tana kuma cin bayit biyu, ita da adireshin da ke bayanta. A nau'in CMOS da ba shi da ƙarin Rockwell, umarni ce mai bayit ɗaya da ba ta yin komai, sai ƙwaƙwalwar ta ɗauki adireshin da ke biye a matsayin sabon umarni ta aiwatar da shi, daga nan kuma duk abin da ya biyo baya ya goce daga layi. A nau'in Rockwell tana cin bayit biyu kamar da, amma aikinta shi ne ta je wannan gurbi ta kunna bit na uku, ta bar A da X yadda ta same su. A 65C816 kuwa, wadda ke cikin Apple IIGS na 1986, umarni ce ta ɗauko abu daga adireshi mai nisa a zuba a A kaɗai. Lamba guda, aiki huɗu, kuma kowace daga cikin ƙwaƙwalen nan ana kiranta 'yar gidan 6502. Wannan ne ya sa na'urar SuperCPU, da aka yi a shekarun 1990 domin ƙara wa Commodore 64 sauri da 65C816, ba ta iya tafiyar da wasannin da suka jingina ga waɗancan lambobi.

Na uku a cikin waɗannan ayyuka huɗu, wato na nau'in Rockwell, shi ne ya taɓa cin mini mako guda. Ina da wani ƙaramin allon gwaji da na haɗa domin ɗalibai, mai nuna ƙidaya a fitilu, kuma a manhajarsa na yi amfani da LAX a wuri guda. Ƙwaƙwalwarsa ta ƙone, na yi odar wata daga wani mai sayarwa, ta iso da rubutun 6502 ɓaro-ɓaro a bayanta. Na ɗora ta, allo ya tashi, fitilu suka kama, amma ƙidayar ta riƙa tsalle ba bisa ƙa'ida ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na sake narka dalma a wuraren da nake zargi, na canja ma'adana, duk a banza. Daga ƙarshe na rubuta ɗan gwaji na layi uku, sai ta bayyana cewa nau'in CMOS ce aka goge bayanta aka buga mata tsohon suna. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta tsaya ba. Da ta daskare da na gane da wuri, amma ta ci gaba da aiki tana ɓata gurbi guda a ɓoye, kuma irin wannan ɓarna ita ce mafi wuyar kamawa ga mai gyara.

Ya kamata a sani cewa ko abin da ke cikin takarda bai tsira gaba ɗaya ba. Ƙwaƙwalen 6502 na farko-farko, waɗanda aka yi kafin tsakiyar 1976, ba su da umarnin ROR mai juya bit zuwa dama, har ta kai manhajar BASIC da Microsoft ya rubuta wa wannan ƙwaƙwalwa yana da zaɓin kauce masa. Umarnin tsalle ta hanyar adireshin da aka ajiye yana da tangarɗa a ta asali idan adireshin ya faɗo a ƙarshen shafi, wato rukunin gurabe 256 na ma'adana, domin takan ɗauko rabinsa na biyu daga farkon wannan shafin maimakon shafi na gaba. An gyara wannan a 65C02, amma gyaran ya ƙara bugu ɗaya, kuma ga mai ƙirga bugu, ƙarin ɗaya ya isa ya karkatar da hoto. Ita kuma 2A03 da kamfanin Ricoh ya yi wa Nintendo domin Famicom, an katse mata lissafin goma-goma, don haka har umarnin da ba sa cikin takarda da suke bi ta wannan hanya sun canja hali a cikinta, alhali sauran suna nan yadda suke. Wasan Puzznic na wannan na'ura yana ɗauke da lamba 137, wadda a can tsallake bayit biyu kawai take yi, amma a 65C02 umarni ce mai taɓa alamar da ke nuna ko sakamako sifili ne.

Gidan ƙwaƙwalwar Z80, wadda kamfanin Zilog ya fitar a 1976 kuma take cikin ZX Spectrum da Amstrad CPC da kwamfutocin MSX, shi ma yana da nasa. An gano cewa ana iya raba aljihunan IX da IY gida biyu a yi aiki da kowane rabi, abin da takardar farko ba ta faɗa ba, kuma manhajoji masu yawa suka dogara da shi. Akwai wani umarni da yake tura sifili zuwa ƙofar fita a nau'in NMOS, amma 255 yake turawa a nau'in CMOS, kishiyar juna ke nan kai tsaye. Z180 kuwa, da aka yi ta a matsayin magajiya, tana kama duk lambar da ba ta sani ba ta katse aikin. Kamfanin Hitachi ya bi ta wata hanyar daban da 6309, wadda ya yi a madadin 6809 ta Motorola, inda ya zuba mata ƙarin aljihuna da sababbin umarni bai sanar ba, sai a 1988 wata mujalla ta Japan ta tona.

Masu wannan fanni sun saba kiran waɗannan lambobi haramtattu, kuma ni ban yarda da sunan ba. Babu dokar da aka karya. Takardar bayani alkawari ce tsakanin mai ƙera ƙwaƙwalwa da mai rubuta manhaja, kuma abin da ke wajenta ba haram ba ne, amana ce dai da ba a ɗauka ba. Injiniyan da ya cike guraben da sababbin umarni yana da gaskiyarsa, domin da ya bar su da 65C02 ba ta samu abubuwa masu amfani irin su ajiye X kai tsaye a wurin ajiyar wucin gadi ko ƙara ɗaya a kan A ba. Matashin da ya matse bugu biyu daga LAX a 1985 shi ma yana da tasa. Wanda nake ganin ya yi kuskure shi ne wanda yake zuwa yau, da duk wannan tarihi a gabansa, ya ce duk ɗaya ne ba tare da ya tambayi wace manhaja za a ɗora ba.

Abin farin ciki shi ne ilimin ya daina zama na ji-ta-ji-ta. A 2010 masu aikin Visual6502 suka nuna sakamakon ɓare ƙwaƙwalwar da suka yi, suka ɗauki hoton cikinta da madubin ƙara girma, suka zana taransistocinta 3,510 ɗaya bayan ɗaya, har aka samu manhajar da take nuna yadda wuta take bi a cikinta a kowane bugu, kuma duk mai intanet yana iya buɗe ta kyauta. Da wannan aka tabbatar da dalilin halin kusan kowace lamba. Masu rubuta manhajojin kwaikwayo, irin su VICE mai kwaikwayon kwamfutocin Commodore, dole suka kwaikwayi waɗannan lambobi ma, domin in ba haka ba wani kaso na wasanni da ayyukan fasaha na wancan zamani ba zai sake tashi ba. A kan ANE kuwa sai dai su zaɓi lamba guda su tsaya a kanta, tun da ainihin ƙwaƙwalen ba su yi ittifaƙi ba. Batun yana ƙara nauyi ne domin kayan asali suna ƙarewa. An daɗe da daina yin 6510, Zilog ma ya sanar a 2024 cewa ya daina yin Z80 mai zaman kanta, don haka duk mai gyara nan gaba ko dai ya samu wadda aka ciro daga tsohon allo, ko ya karɓi wata da aka ce ta yi kama.

Roƙona ga malaman kwalejojin fasaha da jami'o'inmu, waɗanda da yawansu har yanzu suke fara koyar da wannan darasi da ƙwaƙwalwa mai bit takwas, shi ne idan sun ba ɗalibai jadawalin umarni su nuna musu guraben da ba a cike ba, su tambaye su me zai faru idan aka aika ɗaya daga ciki, domin amsar ita ce take bayyana yadda ake fassara umarni a cikin ƙarfe fiye da kowane zane a allo. Ga 'yan uwana masu gyara kuma, duk wanda ya karɓi wata 6502 kada ya tsaya ga rubutun bayanta. Ya zuba sifili a aljihun A, ya aika lamba 26, sannan ya duba. Idan A yana nan a sifili, ta asali ce mai NMOS. Idan ya koma ɗaya, CMOS ce, sai ya bincika manhajar da zai ɗora kafin ya mayar da murfi, ya kuma rubuta nau'in da ya sa a jikin allon domin wanda zai buɗe shi bayansa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin lantarki,
Zariya.